Ƙwan Zabin Kahu da Wutar da Ta Koma Rabi

Safiyar nan ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma kukan fanka ne ya fara komai. Muna da wata tsohuwar fankar sama a falo. Idan tana gudu sosai ba abin da za ki ji sai iska, amma da zarar ta rage gudu sai ta fara ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin masara na ji ta. Na ajiye rariya na kasa kunne. Ba kukan fankar ne ya tsinka min zuciya ba. Akwai wata ƙara da ya kamata in riƙa ji daga ɗakin zaure, sai na lura tun da na idar da sallar asuba ban ji ta ba.

Ku da kuka shigo ƙungiya daga baya kun tarar da injinan ƙyanƙyasa masu aiki da sola, masu juya ƙwai da kansu, har su yi miki kuka idan zafi ya sauka. Namu na farko ba haka yake ba. A farkon shekarun da aka dawo mulkin farar hula, lokacin da maganar shari'a ta cika gari, ƙungiyoyin mata suka yi ta tasowa. Tamu ta nan Kibiya ta samu inji guda, haɗin wani kafinta da wani mai aikin lantarki. Akwati ne na katako, tsayinsa ya kai ƙirjina, da tire-tire na raga inda ake jera ƙwai. A can ƙasa akwai farantin ruwa saboda laima, da 'yar fanka mai rarraba ɗumi, da wata murɗaɗɗiyar waya da ake kira koyil, irin ta rishon lantarki. Ita ce ke ba da zafi. Sai kuma tamostat, wato makunnin da ke kashe koyil ɗin idan zafi ya kai inda ake so, ya sake kunna shi idan ya sauka. Duk sanda ya kashe ko ya kunna sai ya ce ƙas. Wannan ƙas ɗin ita ce numfashin injin, kuma ita ce ban ji ba.

Shugabarmu a lokacin Hajiya Uwani ce, dattijuwa mai kirki da saurin magana. Ni aka ba wa kula da inji saboda muna da ɗaki a jikin zaure da ba kowa a ciki, ni ba fita nake yi ba, kuma na gama sakandare ta 'yan mata kafin aure. Aikina shi ne in karɓi ƙwai, in haska su da tocila in ware marasa kyau, in juya su bayan asuba da bayan azahar da bayan isha, in ƙara ruwa a faranti, in riƙa duba ma'aunin zafi. An ja jan layi a jikin ma'aunin, a kan talatin da bakwai da rabi. Nan ake son zafin ya tsaya, kamar na cikin kaza.

Damina ce, lokacin da zabi ke zuba ƙwai. Mata daga Kahu da Lausu da Rurum suna aiko da nasu ta hannun 'yan acaɓa, kowace da alamarta a jikin ƙwan. Wata da gawayi take yin gicciye, wata zobe take zanawa da fensir, wata ɗigo biyu. Injin ya cika maƙil. Amma ƙwan da suka fi tsaya min a rai na wata yarinya ne mai suna Hajjo.

Uwarta Dije Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Kahu, ita ke kawo mana nono da man shanu. Kun san zabuwa ba ta iya kwanci ba, don haka kaza ake sa wa ƙwanta. Hajjo, wadda ba ta wuce shekarun fara makaranta ba, kakarta ta ba ta wata kaza mai zane-zane da suke kira Wake-wake, ta ce daga ita za ta fara dukiyarta: zabi su zama akuya, akuya ta zama karsana. Aka sa wa kazar ƙwan zabi, ta yi kwanci har ta wuce rabin lokaci, sai muzuru ya shiga akurki ya ɗauke ta. Dije ta kwaso ƙwan da sauran ɗuminsu, ta naɗe su a zani cikin ƙwarya, Hajjo ta rungume ƙwaryar a cikinta, suka hawo acaɓa har ƙofar gidanmu. Kowane ƙwai da ɗigon lalle a kansa.

Dokarmu ita ce ba ma karɓar ƙwan da kaza ta fara kwanci a kai. Amma da na haska su na ga jijiyoyi ja, na ga abu na motsi a ciki, sai na kasa cewa a'a. Na aika wa Hajiya Uwani. Ta aiko da cewa, “In akwai gurbi a saka, amma amanar a wuyanki take.” Na karɓa. Hajjo ta leƙa cikin akwatin, ta duba sama ta duba ƙasa, ta tambayi uwarta da Fulatanci. Dije ta yi dariya ta ce, “Wai ina kazar da ke ciki.”

To, mu koma safiyar. Na shiga ɗakin na tarar ƙwan fitila na ci amma jajir, kamar garwashi. 'Yar fankar injin na juyi da ƙyar. Ma'aunin zafi ya sauko ƙasa da jan layi da kusan tsawon gaɓar yatsa. Da yammacin jiya an yi ruwa da iska mai ƙarfi, wuta ta ɗauke ta dawo, muka ɗauka shi ke nan. Na ɗora tafin hannuna a kan ƙwan zabin, na ji ɗumin na mutuwa.

Abin da na sani na fara yi. Na lulluɓe akwatin da barguna biyu, na bar ramukan iska a buɗe. Na tafasa ruwa na ɗura a kwalabe, na naɗe su da tsumma na jera a ƙasan injin. Maigidana, Malam, yana shirin tafiya gona. Da ya ga fuskata bai tsaya tambaya da yawa ba, ya ajiye fartanya ya hau babur zuwa Rano ɗauko Malam Isyaku, mai gyaran lantarkin da ke duba mana injin. A hanya ya biya ya gaya wa Hajiya Uwani.

Ita ta riga su zuwa. Ta shigo tana gyara mayafi, ta ɗaga kai ta dubi ƙwan fitila.

“Rakiya, ai ga wuta nan. Fitila na ci, fanka na juyi. Injin ne ya mutu. Na faɗa tun farko, kayan haɗi ba ya ƙarko. A cire wayar nan a ba direban da zai shiga Kano ya sayo sabuwa.”

Na ce, “Hajiya, kafin ya je ya dawo gobe ce. Ƙwan ba za su kai ba.”

“To me za mu yi? Mu zauna a kansu ni da ke?”

Muna cikin haka Dije ta yi sallama da ƙwaryar nono a kai, Hajjo na biye da ita. Tun da suka kawo ƙwan, duk ranar talla sai sun biyo. Dije ta ga barguna, ta ga kwalabe, ta sauke ƙwaryarta a hankali ta zauna a dokin ƙofa.

Da hantsi Malam ya iso da Malam Isyaku. Dattijo ne gajere mai furfura a gemu, ɗan gidan maƙera, da jakar kayan aikinsa ta fata. Akwai wasa tsakanin maƙera da Fulani, don haka yana ganin Dije ya ce, “Ashe ke ce. Shi ya sa. Inji ya ga Bafulatana ya ce shi ma sai ya tafi mashekari.”

Dije ta ce, “Kai dai gyara, bawan Fulani. In ka gyara in ba ka tsala.”

Ya fito da mitarsa, wata tsohuwa mai allura, da baki kamar hannun ƙaguwa wanda ake maƙala wa waya. Ya fara sa wayoyinta biyu a soket. Allurar ta tashi ta tsaya tana rawa.

“Ɗari da goma,” in ji shi. “Ya kamata a ce ɗari biyu da ashirin ne. Lo-karan ce, Hajiya. Iskar jiya ta kayar da layi ɗaya a hanyar Rano, na gani da idona, an jibga wa sauran kaya. Sai an ɗaga shi.”

Hajiya ta ce, “To in rabin wuta ce, ai rabin zafi ya kamata mu samu. Rabin zafin injin nan ya isa riƙe ƙwai, don ba kullum yake ci ba, yana yi yana hutawa. Ni dai na ce wayar ta lalace.”

Malam Isyaku ya sosa gemu. Ya ce hanyar da zai san lafiyar koyil ita ce ya auna turjiyarsa, amma wannan ɓangaren na mitarsa da ɗan batiri yake aiki, batirin kuma ya mutu tun azumi. Abin da zai iya aunawa shi ne yawan wutar da koyil ɗin ke sha. Ya maƙala bakin mitar a wayar, ya ce, “Amfiya ɗaya.”

Nan wani abu ya faɗo min. A sakandare muna da malamin fiziks, wani dogon mutum da muke kira Baban Om a bayan idonsa. Yakan ce mu ɗauka gidan biki ne, mata sun taru za su shiga ta ƙofar zaure. Turin da ake yi daga baya shi ne bolt. Yawan matan da ke wucewa shi ne amfiya. Ƙuncin ƙofar shi ne turjiya, ana auna ta da om. Gumin da ake haɗawa a ƙofar kuwa shi ne wat, wato ƙarfin aikin, a wurinmu zafi. In kika raba bolt da amfiya, kin samu om. In kika ninka bolt da amfiya, kin samu wat. Shekara da shekaru ban tuna da wannan ba, ina ta haihuwa da girki, ashe yana nan kwance.

Kunya ta hana ni magana kai tsaye. Na matsa kusa da maigidana na faɗa masa a hankali. Ya ce, “A'a, faɗa masa da bakinki, Rakiya. Ni a allo na tsaya.”

Na ba su misalin malaminmu na ƙofar zaure, sannan na ce, “Malam Isyaku, ko ba batiri za a iya sanin turjiyar. Me aka rubuta a ƙarfen da ke bayan injin?”

Ya leƙa da tocila. “Bolt ɗari biyu da ashirin, amfiya biyu.”

Na ɗauko gawayi daga kicin, na durƙusa na rubuta a simintin ɗakin. Ɗari biyu da ashirin a raba biyu, ɗari da goma. Wato lafiyayyen koyil turjiyarsa om ɗari da goma ce. Sai na rubuta na yau a ƙasa: bolt ɗari da goma a raba da amfiya ɗaya. Ɗari da goma.

Na ce, “Hajiya, wayar lafiyarta ƙalau. Yadda aka yi ta haka take.”

“To ina zafin ya tafi?”

Na sake rubutawa. Da cikakkiyar wuta, ɗari biyu da ashirin sau biyu, wat ɗari huɗu da arba'in. Yau kuwa, ɗari da goma sau ɗaya, wat ɗari da goma. Ni kaina sai da na sake dubawa. Wuta ta koma rabi, amma zafi bai koma rabi ba, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, domin turin ya ragu rabi, masu wucewa ma sun ragu rabi. Shi ya sa tamostat bai ce ƙas ba. Koyil na ta ci ba hutu, amma bai taɓa kai zafin inda za a kashe shi ba.

Hajiya ta dubi simintin. Ta ce, “Ikon Allah. Ashe da an tura Kano an sayo irin abin da muke da shi.”

Malam Isyaku ya ce, “Ai in wannan ne, magani na hannuna.” Ya zaro filaya. “A datse koyil ɗin, a rage masa tsawo. Haka nake wa matan Rano da rishonsu in lo-karan ta hana ruwa tafasa. Kana rage waya, zafi na ƙaruwa. Ban san lissafinsa ba, amma hannuna ya sani.”

Gaskiya ya faɗa, kuma duk mai gyara a yankin nan haka yake yi. Na ce ya ba ni ɗan lokaci in gani a ƙasa. Idan aka datse rabi, turjiya ta koma om hamsin da biyar. Ɗari da goma a raba da hamsin da biyar, amfiya biyu. Biyu sau ɗari da goma, wat ɗari biyu da ashirin. Ninki biyu na abin da muke samu, kuma ya isa.

“Kin gani?” in ji shi, yana murmushi. “Gawayinki ma ya yarda da ni.”

Ya riga ya sa bakin filayar a jikin wayar. Ni kuma idona na kan layin farko da na rubuta, mai ɗari biyu da ashirin. Na ce, “Malam Isyaku, to ranar da aka ɗaga layin fa?”

Ya tsaya. Na rubuta. Ɗari biyu da ashirin a raba da hamsin da biyar, amfiya huɗu. Huɗu sau ɗari biyu da ashirin, wat ɗari takwas da tamanin. Kuma duk a jikin rabin waya.

Ya janye filayar a hankali. Ya ce, “Shi ya sa suke dawo min da rishon a ƙone bayan an gyara wuta. Ni da nake cewa wayoyin zamani ne ba su da kyau.” Ya ƙwanƙwasa jikin akwatin da yatsa. “Risho a kan siminti yake. Wannan katako ne, ga barguna, ga zaure da rufin azara.”

A datse, akwai gobara a gaba. A bari, ƙwai su mutu yau. Na dubi Hajjo, tana tsugune ta kafa kunnenta a jikin akwatin. Na yi ta maimaita hasbunallahu a zuci.

Sai Malam Isyaku ya juyo wurina. “Uwargida, maimaita min zancen malamin nan naku. Kin ce ƙofa ce ta yi ƙunci?”

Na ce e.

“To me zai sa mu fasa ƙofar mutane? A buɗe musu ta biyu mana.”

Ya zazzage jakarsa, ya fito da wani ƙunshin sabon koyil. Dabararsa ita ce a bar na asali yadda yake, a ɗaura wani irinsa a gefensa, kowanne da hanyarsa, a sa wa sabon makunni nasa daban. Na lissafa. Kowanne zai sha amfiya ɗaya, a haɗa biyu, wat ɗari biyu da ashirin. Zafin da datsewa za ta ba mu ke nan, amma ba wayar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta. In wuta ta dawo, kowanne abin da aka yi shi dominsa zai sha. Sai dai su biyun tare sun yi wa akwatin da tamostat yawa, don haka dole a kashe na biyun da zarar wuta ta cika.

Hajiya ta ce, “Wa zai tsaya gadin wannan?”

Na ce, “Ni.”

“To na amince. A yi.”

Bai saka shi haka kawai ba. Ya yanko wani tsawo, ya shimfiɗa a kan bulo a tsakar zaure, ya ba shi wuta ya auna. Amfiya ɗaya da rabi. Na raba, ya ba ni om saba'in da 'yan kai. Na ce ya yi gajere. Ya yi tsaki, ya ce da ido ya yi daidai, sannan ya yanko wani mai tsawo. Wannan ya ba da ɗaya cif. Shi ya ɗaura a kan 'yan kwalaben tangaran, nesa da katako, ya kafa makunnin a jikin bango kusa da ƙofa. Muka cire barguna, muka rufe injin.

Sai jira. Malam ya shimfiɗa wa baƙonsa tabarma a waje, na dama musu fura da nonon Dije. Ita kuwa ta fasa tallan ranar. Muka yi azahar, na juya ƙwai da sauri na rufe. Ma'aunin na hawa kamar ba ya so. Hajiya na jan carbi tana gyangyaɗi, Hajjo ta yi barci a cinyar uwarta. Ana gab da kiran la'asar, ina tsaye a bakin ƙofa, sai na ji ƙas.

Na duba, zafi na kan jan layi. Hajiya ta buɗe ido ta ce, “Alhamdu lillahi.” Dije ta leƙa waje ta ce wa Malam Isyaku, “Maƙeri, ka ci tsalarka. Miyetti, na gode.” Ya ce shi kindirmo aka yi masa alkawari, shaidu na nan.

Saura gadin. Ba mu da mitar da za mu ajiye a gida, amma muna da fankar falo. Muddin tana ƙiiƙ, ƙiiƙ, wuta ba ta cika ba, koyil na biyu ya ci gaba da ci. Ranar da ta yi shiru, a ruga a kashe. Don haka na hana kowa taɓa makunninta. Ga sanyin damina, ga fanka na juyi dare da rana. Malam ya koma cin tuwo da hula da mayafi, yana cewa a gidan nan zabi sun fi maigida daraja. Na rage barci, na daina zuwa ko maƙwabta, girki ma a bakin ƙofar kicin nake yi don kunnena ya kai falo.

Ranar Juma'a abin ya zo, maza duk sun tafi masallaci. Ina kwaɓa fulawar fanke, hannuna dumu-dumu, sai na ji gidan ya yi wani irin daɗi. Na ɗan jima kafin in gane dalili. Fanka ta daina kuka, sai iska. Ban tsaya wanke hannu ba, na bar takalmi ɗaya a tsakar gida. Na tarar ƙwan fitilar ɗakin ya yi fari fat, ta ramin iska ina hango koyil biyun sun fara ja. Na danna makunnin. Na tsaya ina haki har na ji ƙas, sannan na ji wani ƙas ɗin a kan lokacinsa. Shatin yatsana na ƙullu ya bushe a jikin makunnin nan, kuma ban taɓa goge shi ba har muka sauya inji.

Ba duka suka ƙyanƙyashe ba, ba zan ɓoye muku ba. Tiren da ya fi nisa da koyil ya fi shan sanyin safiyar nan, yawancinsa na wata baiwar Allah ce daga Lausu. Da na gaya mata na yi kuka, ita ce ma ta koma ba ni haƙuri, ta ce abin da Allah bai rubuta zai yi numfashi ba, ba mai sa shi. Ƙungiya ta ba ta gurbi na farko a zubi na gaba. Sauran tire-tiren kuwa sun yi kyau fiye da yadda muka zata.

Masu ɗigon lalle su suka riga kowa, tun da kaza ta fara musu aiki. Da safe na ji ɗan ƙwas-ƙwas daga ciki, kafin azahar sun fara fitowa, jiƙaƙƙu, da 'yan jajayen ƙafafu da zane-zane a ka. Biyu ne kawai ba su fasa ba.

Abin da wannan rana ta koya min game da aikinmu shi ne, fitila na ci ba ya nufin wuta ta isa. Kafin ki ce abu ya lalace, ki auna. Kafin a datse waya, a tambayi abin da zai faru ranar da wuta ta dawo. Bolt da amfiya kawai kike buƙata, sauran rabawa ne da ninkawa, kuma ko a injin sola lissafin bai canja ba. Ta kuma koya min cewa aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Da ba mitar Malam Isyaku, gawayina ba shi da abin rubutawa, kuma ƙofa ta biyun shi ya hango ta, ba ni ba. Hajiya Uwani ta zo da ra'ayinta, ta ga lissafi, ta sauka ba tare da jan magana ba. Allah ya jiƙansu su biyun, ya sa sun huta. Daga baya na ji Malam Isyaku ya daina datse wa matan Rano risho, har wasu na cewa ya tsufa ya fara tsoro.

Dije ta zo ɗaukar 'yan tsakin da kwando, an shimfiɗa masa ƙaiƙayi. Hajjo ce ta riƙa karɓarsu daga hannuna ɗaya bayan ɗaya, tana hura musu iska a ka kafin ta ajiye. Da suka gama Dije ta ɗora kwandon, suka yi sallama, har sun kai zaure. Sai yarinyar ta dawo da gudu, ta kama gefen hijabina, ta ɗago kai. Hausarta ba ta gama nuna ba, a hankali ta jera kalmomin.

“Goggo Rakiya, in sun girma suka tambaye ni uwarsu, zan ce Wake-wake ce ta fara, ke kika ƙarasa.”